Maurice Wilkes da Asalin Sana'ar Rubuta Manhaja a Jami'ar Kambirij

Sana'ar rubuta manhaja, wato tsara jerin umarnin da kwamfuta za ta bi ɗaya bayan ɗaya har ta kammala wani aiki, tana cikin sana'o'i ƙalilan da ake iya nuna ginin da suka fara tsayawa da ƙafafunsu a ciki, a kuma faɗi shekarun da aka aza musu ƙa'idojin farko. Ɗaya daga cikin waɗannan wurare shi ne Ɗakin Binciken Lissafi na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, wanda Farfesa Maurice Wilkes ya jagoranta daga 1945 zuwa 1980. Masana tarihin kimiyya sun daɗe suna ja-in-ja a kan na'urar da ta cancanci a kira ta kwamfuta ta farko, kuma Amurka da Birtaniya da Jamus kowacce tana da hujjar da take kafawa. Amma idan tambayar ta koma ga inda aka fara ɗaukar kwamfuta a matsayin kayan aikin jama'a, wurin da mai nazarin taurari ko mai binciken halittu zai kawo matsalarsa ya bi layi ya karɓi amsa, to Kambirij ce ke da hujja mafi ƙarfi, kuma dalilin hakan yana komawa ga shawarar da Wilkes ya yanke a 1946 ta gina na'ura mai matsakaicin buri wadda za a gama da wuri a shiga amfani da ita.

An haifi Maurice Vincent Wilkes ranar 26 ga Yuni, 1913 a garin Dudley da ke tsakiyar Ingila, ya yi sakandare a Stourbridge inda ya kamu da sha'awar harhaɗa rediyo tun yana yaro, sannan ya shiga Kwalejin St John's ta Kambirij a 1931 ya karanci lissafi. Digirinsa na uku, wanda ya yi a Ɗakin Binciken Cavendish, ya shafi yadda dogayen igiyoyin rediyo ke tafiya a can saman sararin samaniya, a sashen da hasken rana ke sa iska ta ɗauki cajin lantarki har ta riƙa maido da saƙon rediyo ƙasa. Wannan tushe ya haɗa masa abu biyu da ba kasafai mutum ɗaya ke riƙe da su a wancan zamani ba, wato sanin irin wahalar da masanin kimiyya ke sha idan lissafi ya fi ƙarfin alƙalami da takarda, da kuma sabo da waya da liƙin dalma da ƙwan lantarki. A 1937 jami'ar ta kafa Ɗakin Binciken Lissafi a ƙarƙashin Farfesa John Lennard-Jones domin sauran sassa su riƙa samun taimakon na'urorin lissafi, aka kuma ɗauki Wilkes ya kula da harkokinsa na yau da kullum. Kayan ɗakin a lokacin ba su wuce na'urorin lissafi na tebur da wata na'ura mai faya-fayai da sandunan ƙarfe ba, wadda aka harhaɗa da kayan wasan yara na Meccano, take kuma warware irin lissafin da ke bayyana yadda abu ke sauyawa a hankali, kamar gudun ruwa ko yaɗuwar zafi. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse wannan aiki, gwamnati ta karɓe ɗakin, shi kuwa Wilkes ya tafi aikin rada, na'urar da ke gano jirgi ta hanyar aika bugun rediyo da auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, kuma a can ne ya ƙware a sarrafa gajerun bugun lantarki masu bin juna da tsananin sauri, wanda shi ne ainihin ilimin da ginin kwamfuta zai buƙata.

Ya dawo Kambirij a 1945 aka damƙa masa ragamar ɗakin, a daidai lokacin da labarin ENIAC ya fara fitowa daga Amurka. ENIAC, wadda J. Presper Eckert da John Mauchly suka gina a Makarantar Moore ta Jami'ar Fensilbaniya, tana da ƙwayayen lantarki kusan 18,000, irin waɗanda ke cikin tsofaffin akwatunan rediyo, kuma saurinta ya zarce duk abin da aka sani, sai dai canja mata aiki yana nufin a cire wayoyi a sake jona su, abin da kan ci kwanaki. Maganin wannan matsala yana cikin rahoton da John von Neumann ya rubuta a 1945 a kan na'urar da za ta gaje ta, mai suna EDVAC, inda aka bayyana cewa umarni ma ana iya mayar da shi lamba a ajiye shi a ma'ajiya ɗaya da lambobin da ake lissafi a kansu, ta yadda canja aiki zai zama canja abin da ke cikin ma'ajiyar kawai. A watan Mayun 1946 Leslie Comrie, wani ƙwararre a harkar lissafin kimiyya, ya kawo kwafin wannan rahoto Kambirij ya ara wa Wilkes na dare ɗaya, kuma da yake babu na'urar kwafe takardu, sai ya kwana yana karantawa. A watan Agusta na wannan shekara ya isa Filadelfiya domin halartar laccocin da Makarantar Moore ta shirya a kan ginin kwamfuta, ya iske an ci fiye da rabinsu saboda ƙarancin gurbin jirgin ruwa a bayan yaƙi, ya samu makonni biyu na ƙarshe, kuma tun a cikin jirgin dawowa ya fara zana tsarin na'urarsa.

Shawarar da ya yanke tana da sauƙin faɗi: ba zai nemi ƙirƙiro sabuwar fasaha ba a duk inda wadda ke hannu za ta isa, zai bi tsarin EDVAC kamar yadda yake, kuma zai rage wa na'urar sauri idan hakan zai sa a gama ta. Saboda haka ya tsayar da bugun agogonta a 500,000 cikin daƙiƙa, rabin abin da Amurkawa suka nufa. Wannan ra'ayi bai burge kowa ba. Alan Turing, wanda ke Ɗakin Binciken Kimiyyar Fiziks na Ƙasa yana tsara tasa na'urar mai suna ACE, ya ga wani daftari da Wilkes ya aika a ƙarshen 1946, ya kuma soke shi da cewa ya bi al'adar Amurkawa ta magance wahala da tarin kayan aiki maimakon zurfin tunani. Akwai gaskiya a sukar, domin ƙaramin samfurin ACE da ya fara aiki a watan Mayun 1950 ya fi na'urar Wilkes sauri da ƙwayayen lantarki kusan 800 kacal. Sai dai an sayi wannan sauri ne da gumin mai rubuta mata shirin umarni, wanda dole ya lissafa daidai lokacin da kowace lamba za ta fito daga ma'ajiya ya jera umarninsa a kan haka. Wilkes ya zaɓi ya bar na'ura ta jira, domin a ganinsa lokacin masanin sinadaran da bai san komai game da wayoyi ba ya fi na na'urar daraja, kuma abin da ya faru a shekaru goman da suka biyo baya ya fi goyon bayansa.

Babbar matsalar duk mai gina kwamfuta a wancan lokaci ita ce ma'ajiya, kuma abin da Wilkes ya ɗauka shi ne bututun zaiba, fasahar da aka fara sarrafawa domin rada. Bututu ne na ƙarfe mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi da aka cika da zaiba, a kowane bakinsa an liƙa siririn yankin dutsen kwaz, wanda ke girgiza idan lantarki ya taɓa shi, yake kuma fitar da lantarki idan an girgiza shi. Bugun lantarki yana shiga ta baki ɗaya ya zama sautin da kunne ba ya ji, ya ratsa zaibar cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ya fita ta ɗaya bakin ya koma lantarki, a ƙara masa ƙarfi a gyara siffarsa a sake tura shi ta bakin farko. Ta haka bugu 576 kan yi ta kewayawa a bututu ɗaya muddin akwai wuta, inda samuwar bugu ke nufin 1, rashinsa kuma 0. Da yake gudun sauti a cikin zaiba yana canjawa da zafi ko sanyi, dole aka ajiye bututun a cikin akwatin da ake daidaita zafinsa. Thomas Gold, wanda daga baya ya yi suna a ilimin taurari, ya taimaka da ƙwarewarsa a kan waɗannan bututu, William Renwick kuma ya zama babban injiniyan aikin. Daga wannan ma'ajiya mai jinkirta saƙo na'urar ta samo sunanta, EDSAC, wanda taƙaitawa ce ta kalmomin Ingilishi masu nufin na'urar lissafi ta lantarki mai sarrafa kanta da ke ajiya ta hanyar jinkiri.

Wani ɓangare na kuɗin ya fito daga inda ba a zata ba. Kamfanin J. Lyons, mai gidajen shan shayi da gidajen burodi a faɗin Ingila, yana da ɗimbin akawu da ke fama da lissafin ƙananan cinikayya, kuma jami'ansa biyu da suka je Amurka a 1947 neman sabbin hanyoyin aikin ofis sun ji a can cewa abin da suke nema ana gina shi a Kambirij. Kamfanin ya ba da fam 3,000 tare da aron ma'aikacinsa Ernest Lenaerts, bisa fahimtar cewa zai kwaikwayi na'urar idan ta yi aiki. Kwaikwayon shi ne LEO, wadda a watan Nuwamban 1951 ta fara lissafin ƙimar kayan gidajen burodi a kai a kai, ta zama kwamfuta ta farko da ta shiga aikin kasuwanci na yau da kullum.

EDSAC, mai ƙwayayen lantarki kimanin 3,000 da aka jera a kan kantocin ƙarfe a wani ɗaki na tsohon ginin sashen nazarin sassan jiki, ta gudanar da shirinta na farko ranar 6 ga Mayu, 1949, inda ta buga sakamakon ninka kowace lamba da kanta daga 0 zuwa 99. Ma'ajiyarta a farko gurabe 512 ce, kowanne yana ɗaukar umarni ɗaya ko gajeriyar lamba ɗaya, tana kuma aiwatar da umarni kimanin 650 a daƙiƙa. Ana shigar mata da shiri ta tef ɗin takarda mai huji, amsa kuma ta fito ta na'urar buga saƙon tangaraho. A nan adalci ya buƙaci a ambaci Mancesta, inda Freddie Williams da Tom Kilburn suka riga kowa gudanar da shiri daga ma'ajiyar lantarki ranar 21 ga Yuni, 1948; sai dai tasu ƙaramar na'urar, mai gurabe 32, an gina ta ne domin gwada sabuwar ma'ajiya, alhali EDSAC tun ranar farko cikakkiya ce da aka nufa da masu amfani. EDVAC ɗin da aka kwaikwaya kuwa ba ta fara aiki ba sai wajen 1951, bayan maginanta sun watse saboda saɓani.

Abin da gama na'ura da wuri ya jawo wa Kambirij shi ne ta riga kowa cin karo da wata wahala da babu wanda ya hango girmanta. Magina na farko sun ɗauka cewa ƙera na'urar ce aikin, rubuta mata umarni kuwa ɗan ƙaramin abu ne da kowane mai ilimin lissafi zai yi a zama ɗaya. Wilkes ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 1985 cewa a tsakiyar 1949, yana kai da kawo tsakanin ɗakin na'urar da ɗakin huda tef da ke ƙasa, ya gane cewa babban kaso na sauran rayuwarsa zai tafi ne wajen neman kurakurai a cikin shirye-shiryen da ya rubuta da hannunsa. Shirin da yake fama da shi a lokacin na warware wani lissafi ne da ake kira lissafin Airy, kuma da masanin tarihi Martin Campbell-Kelly ya nazarci tef ɗin farko na shirin bayan shekaru masu yawa, ya tarar da kurakurai kusan 20 a cikin layuka 126. Idan wanda ya tsara na'urar da kansa zai yi kuskure a kusan kowane layi shida, to babu fatan baƙo daga wani sashe ya iya amfani da ita sai an sauƙaƙa masa hanya, kuma wannan fahimta ce ta sa ɗakin ya karkata ƙarfinsa daga wayoyi zuwa hanyoyin rubutu.

Mafi yawan wannan aiki ɗalibin bincike David Wheeler ne ya yi shi. Abu na farko da ya tsara shi ne umarnin buɗewa, wani ɗan gajeren shiri mai umarni 31 da aka ɗaure a jikin na'urar da makunnan musayar tarho, wanda ke shiga ma'ajiya da zarar an danna maɓallin farawa. Aikinsa shi ne ya karanta tef ya fassara abin da mutum ya rubuta zuwa 0 da 1, ta yadda mai shiri zai rubuta harafin A da lambar gurbi idan yana son a haɗa, ko S idan yana son a ɗebe, ba tare da ya haddace dogon jerin lambobi ba. Wannan shi ne kakan abin da ake kira mai harhaɗa shiri, wato manhajar da ke mayar da rubutun ɗan Adam yaren na'ura. Sigar da ta biyo baya a cikin 1949, mai umarni 41, ta ƙara wani abu mafi muhimmanci: tana iya ɗaukar guntun shiri ta ajiye shi a kowane sashe na ma'ajiya, tana gyara adireshin da ke cikinsa yayin da take shigar da shi. Da wannan ne aka samu damar rubuta aikin da ake yawan buƙata sau ɗaya tak, kamar raba lamba da lamba, wanda EDSAC ba ta da umarninsa a jikinta, ko buga amsa a jere, a gwada shi har a tabbatar da ingancinsa, sannan kowa ya riƙa ɗauka yana sakawa a nasa shirin.

Sauran matsalar ita ce yadda guntun shiri zai san inda zai koma bayan ya gama, tun da ana iya kiransa daga wurare daban-daban. Dabarar Wheeler ita ce babban shiri ya ajiye adireshin inda yake a cikin matara, wato gurbin da ake tara sakamakon lissafi, kafin ya tsallaka. Shi kuma guntun shirin ya ɗauki wannan adireshi ya gina umarnin komawa da shi, ya rubuta shi a ƙarshen kansa. Har yau ana kiran wannan dabara tsallen Wheeler, kuma ko da yake kwamfutocin zamani suna ajiye adireshin komawa ta wata hanya dabam, tunanin gina babban shiri daga ƙananan guntaye masu zaman kansu shi ne ginshiƙin sana'ar. An ajiye tef ɗin kowane guntu a cikin akwatunan wani kabad na ƙarfe tare da takardar bayanin abin da yake yi da gurabe nawa yake ci, kuma zuwa 1951 wannan taska ta ƙunshi guntaye fiye da 80. Stanley Gill, wani ɗalibin, ya ƙara da shirye-shiryen bin sawu, waɗanda ke gudanar da shirin da ake zargi suna buga harafin kowane umarni da aka aiwatar, domin mai shi ya ɗauki takardar ya koma teburinsa ya gano inda aka kauce. Kafin haka al'adar ita ce mutum ya zauna gaban na'urar yana tafiyar da ita umarni ɗaya bayan ɗaya yana leƙen ma'ajiya a allon gilashi, abin da shugabannin ɗakin suka ɗauka ɓarnar lokaci ce da na'ura ɗaya tilo ba za ta iya ɗauka ba.

An tattara waɗannan hanyoyi a wani rahoto a 1950, kamfanin Addison-Wesley na Amurka kuma ya buga shi a matsayin littafi a 1951 da sunayen Wilkes da Wheeler da Gill, kuma shi ne littafin farko da aka wallafa a kan rubuta shirin kwamfuta. Ya isa hannun masu gina na'urori a ƙasashe da dama tun kafin nasu su fara aiki, har ma a Japan an gina wata na'ura mai suna TAC a kan tsarin umarnin EDSAC domin a ci moriyar taskar da ke cikinsa. Ɗakin ya kuma fara kwasa-kwasan bazara daga 1950, waɗanda Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya halarta a 1951, sannan a 1953 ya buɗe difloma ta shekara ɗaya a kan lissafin lambobi da sarrafa kwamfuta, wadda ake ɗauka a matsayin kwas na farko a duniya da ya ba da takardar shaida a wannan fanni. Wheeler ya karɓi digirinsa na uku a 1951, ɗaya daga cikin na farko da aka taɓa bayarwa a ilimin kwamfuta.

Tsarin aikin yau da kullum ma sai da aka ƙirƙiro shi. Mai shiri yakan huda tef ɗinsa, ya rataye shi a wata igiya kusa da na'urar karanta tef, ma'aikatan da ke tafiyar da na'urar da rana, waɗanda yawancinsu mata ne, su riƙa ɗauka bi da bi kamar kwanukan hatsi a layin injin niƙa, su mayar masa da tef ɗin tare da abin da aka buga. Da dare kuwa akan bar amintattun masu amfani su tafiyar da ita da kansu har zuwa lokacin da wani ƙwai zai ƙone. Sakamakon kimiyya bai jima ba ya fara fitowa. A 1950 Ronald Fisher ya wallafa wata maƙala a kan yaɗuwar ƙwayoyin gado wadda ta ƙunshi lissafin da Wheeler ya yi masa a EDSAC, a 1951 kuma Wheeler da J. C. P. Miller suka gano wata lamba mai tsawon alƙaluma 79 da ba ta rabuwa da kowace lamba sai 1 da kanta, mafi girma da aka sani a lokacin. John Kendrew ya yi amfani da EDSAC da magajiyarta wajen fitar da siffar mayoglobin, furotin da ke riƙe iskar oksijin a cikin tsoka, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel ta 1962 tare da Max Perutz, Martin Ryle kuma, wanda ya samu tasa a 1974, ya dogara da na'urorin ɗakin wajen haɗa saƙonnin ƙananan na'urorin hangen rediyo su ba da hoto ɗaya na sararin sama. Ana iya auna yadda aka fara dogara da na'urar da abin da ya sami Andrew Huxley a 1951, lokacin da aka rufe ta na watanni domin gyare-gyare, ya koma na'urar tebur mai juyawa da hannu ya shafe makonni yana lissafin yadda saƙo ke bin jijiya.

Gudummawar Wilkes ta kansa mafi zurfi a fannin ƙira ta zo a watan Yulin 1951, a taron ƙaddamar da kwamfutar Jami'ar Mancesta. Sashen da ya fi wahalar tsarawa a kowace kwamfuta shi ne sashen sarrafawa, wanda ke karɓar umarni ya aika saƙonni zuwa sauran sassa a kan kari, kuma a EDSAC an gina shi ne da dabaru barkatai, ta yadda gyara ɗaya kan jawo ɓaraka a wani wuri. Wilkes ya nuna cewa kowane umarni, ko da na ninkawa ne, jerin ƙananan matakai ne kamar buɗe wannan ƙofa da tura waccan lamba, saboda haka ana iya rubuta waɗannan matakai a matsayin ƙaramin shiri a ajiye su a wata ma'ajiya mai sauri da ba a canja abin da ke cikinta, sashen sarrafawa ya zama mai karanta su kawai. A taƙaice, ya ɗauki darasin da aka koya daga rubuta shiri ya shigar da shi cikin ƙirar na'urar kanta. Kayan aikin lokacin ba su kai ga tunanin ba sai a 1958, lokacin da EDSAC 2 ta fara aiki a kan wannan tsari da ma'ajiyar ƙananan zobban maganaɗisu, aka kuma kashe EDSAC ta farko a watan Yulin wannan shekara. Wanda ya ci babbar riba shi ne kamfanin IBM, wanda a 1964 ya fitar da jerin kwamfutocin System/360, manya da ƙanana masu bin umarni iri ɗaya duk da bambancin kayan cikinsu, abin da wannan dabara ta sauƙaƙa ƙwarai. Masana'antar Birtaniya ba ta samu irin wannan rabo ba: kamfanin da ke ƙera LEO ya narke cikin kamfanin English Electric a 1963, wannan kuma ya shiga kamfanin ICL a 1968.

Na'ura ta uku, Titan, an gina ta ne tare da kamfanin Ferranti saboda jami'ar ba ta da kuɗin sayen babbar kwamfutarsa mai suna Atlas, ta kuma fara aiki a 1964. Bayan Wilkes ya ga tsarin raba lokaci a cibiyar MIT ta Amurka, wato yadda kwamfuta ɗaya ke juyawa tsakanin mutane da yawa da saurin da kowanne zai ɗauka shi kaɗai take yi wa aiki, ya nace a sauya tsarin Titan ya karɓi haka, aka kuma buɗe wannan hidima a 1967. Tun da mutane da yawa sun fara ajiye fayilolinsu a wuri ɗaya, sai batun kalmar sirri ya taso, kuma Roger Needham, wanda daga baya ya gaji kujerar Wilkes, ya kawo dabarar da ake bi har yau, ta a juya kalmar da wani lissafi da ba a iya mayar da shi baya, a ajiye sakamakon maimakon kalmar kanta. A 1965, shekarar da aka naɗa shi farfesan fasahar kwamfuta, Wilkes ya wallafa gajeriyar maƙala a kan ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke riƙe kwafin abin da aka yi amfani da shi kwanan nan daga babbar ma'ajiya, tsarin da ke cikin kusan kowace kwamfuta da wayar hannu a yau. Ba duk abin da ɗakin ya sa hannu ne ya yi nasara ba, kuma abin lura ne cewa inda ya fi yin tuntuɓe shi ne inda ya bar ƙa'idar matsakaicin buri: yaren CPL, wanda aka tsara tare da Jami'ar Landan domin ya dace da kowane irin aiki, ya yi girman da ba a taɓa kammala shi yadda aka nufa ba. Martin Richards ne ya rage shi ya fitar da BCPL a 1967, daga wannan Ken Thompson ya samo yaren B, daga B kuma Dennis Ritchie ya gina C.

A 1970 aka sauya wa ɗakin suna zuwa Ɗakin Binciken Kwamfuta, aka ware hidimar masu amfani ƙarƙashin nata shugaban, kuma da zuwan wata babbar na'urar IBM da kashe Titan a 1973, zamanin da jami'a ke ƙera kwamfutar da za ta yi wa jama'arta hidima ya ƙare. Bincike ya koma kan na'urar CAP, wadda ke gwada hanyoyin hana wani shiri taɓa abin da ba a ba shi izini ba, da kuma Zoben Kambirij, hanyar sada kwamfutocin gini ɗaya da Wilkes ya samo tunaninta daga wani tsarin sadarwa da ya gani a kamfanin Hasler na Suwizalan a 1974. An zaɓe shi ɗan Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarauta a 1956, ya zama shugaban farko na Ƙungiyar Kwamfuta ta Birtaniya a 1957, ya kuma karɓi lambar Turing a 1967, mutum na biyu da aka ba, inda takardar yabon ta ambaci EDSAC da littafin 1951 da taskar guntayen shiri. Bayan ya yi ritaya a 1980 ya yi aiki da kamfanin DEC a jihar Masacusets, ya dawo Kambirij a 1986 ya shiga ɗakin binciken Olivetti, aka ba shi sarautar Sir a 2000, ya kuma ci gaba da rubutu kusan har rasuwarsa ranar 29 ga Nuwamba, 2010 yana da shekara 97.

Ita kuwa EDSAC ta farko, da aka kashe ta a 1958 an wargaza ta domin a samu wuri, kuma kaɗan ne daga cikin sassanta suka tsira. Masu aikin sa kai da suka ɗauki nauyin sake gina ta a Gidan Tarihin Kwamfuta na Ƙasa da ke Bletchley Park, ƙarƙashin jagorancin Andrew Herbert, sun tarar babu cikakken zanen wayoyinta, saboda maginan sun riƙa gyara ta suna tafiya, don haka suka koma ga tsofaffin hotuna suna ƙirga ƙwayayen lantarkin da ke kan kowace kanta domin su gano aikinta. Dokokin kiyaye lafiya da tsadar zaiba sun hana su cika bututu da ita a wurin da jama'a ke shiga, saboda haka suka maye gurbinta da wayar nikel mai jinkirta saƙo ta irin wannan hanya.